Rigar da Ta Ƙi Yi wa Marnie Kaɗan

Shugabar taro kuma shugabar ƙungiyar matan Nerrabin, Uwargida Beryl Tonkin, shugaban ƙaramar hukumarmu, limamin cocinmu, ma'aikaciyar jinyarmu da ke zuwa mana kowace Talata, ko ana ruwa ko ana gobarar daji, malaman makarantar firamare, iyayen yaran da suka yi jinya a birni suka dawo, da iyayen waɗanda ba su dawo ba, manoma da masu askin tumaki da suka jeru a bayan zaure don su riga kowa fita, matan da suka toya kek ɗin nan tun jiya, da yaran da ke ƙarƙashin tebur suna rage masa tsawo: barkanku da hantsi. Kafin in ci gaba, ina girmama mutanen Noongar, masu asalin ƙasar da muke tsaye a kanta, da dattawansu na jiya da na yau.

Godiya ta farko taku ce. Shekarar da muke birnin Perth muna jinyar 'yarmu, alkamarmu ta nuna babu mai girbi, kuka shigo da injinanku ba tare da kun tambayi kowa ba, kuka girbe ta kafin taku. Kun cika mana firiza da abinci har muka shekara muna ci. Na kuma gode wa Beryl da ta ba ni wannan dama, ko da yake na ji ta gaya wa wata cewa in na wuce minti goma sha biyar za ta kashe lasifika.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Tegan Hallett, matar Heath, surukar Noelene, uwar Marnie. 'Yan gari kuma sun san ni da wani abu daban. Ni ce matar da ta bar tukunya ta ƙone ƙurmus saboda jarumin littafi yana kan hanyar tashar jirgi zai tsayar da masoyiyarsa. Ni ce 'yar birnin da ta karanta ƙananan littattafan soyayya har ta yarda cewa duk namijin da ke tsaye a bakin shinge yana kallon nesa ba ya magana, wani tsohon ciwo ne a zuciyarsa da mace ɗaya tak za ta warkar. Da haka na auri Heath. Sai da muka yi wata shida na gane hadari yake dubawa.

Ranar da komai ya canza mini ba ita ce ranar da aka ce mana akwai ƙari a bayan ƙwaƙwalwar Marnie ba. Waccan ranar ta wuce ni kamar mafarki. Wadda nake nufi a ƙarshen Janairun bana ne, ana shirin komawa makaranta, zafi kamar ka soya ƙwai a kan mota. Kun san a garin nan ba a sayen rigar makaranta, gadonta ake yi. Buhun nan yana yawo gida gida, ka ɗauki wadda ta yi wa ɗanka daidai, ka mayar da wadda ta yi masa kaɗan. Ina kwance a baranda da littafi sai ga faccalata Sharni ta shigo da buhun.

Ta ce, "Ke sarauniya, ajiye littafin nan, attajirin da ke cikinsa ba zai gudu ba. Ina rigar Pippa?"

Na ce, "Wace riga?"

"Ta 'yan ajin farko mana, wadda aka ba Marnie da za ta shiga makaranta. Layi ya zo kan 'yata Pippa."

Na ce, "Ga ta can a igiya. Na wanke wa Marnie, ita za ta sa ran Litinin."

Sharni ta tuntsire da dariya, ta kira ni da sunana na wasa, ta ce, "Kai, Teegs, rowar taku ta kai nan? Shekara uku da riga ɗaya?" Sai ta dubi rigar a igiya, ta daina dariya. Kaka Noelene tana cikin kicin tana jin mu ta taga. Ta fito tana goge hannu, ta je igiya ta juya bakin rigar, ta ce a hankali, "Sau biyu na buɗa ƙugun rigar nan. Kalmasar ƙasa kuwa, yadda na ɗinke ta ranar farko haka take."

Daidai lokacin yaran suka sheƙo daga wasan ruwa, suka tsaya a bakin famfo kafaɗa da kafaɗa. Marnie tana da shekara takwas, Pippa biyar. Da za ka ɗora faranti a kawunansu, da ya zauna daram.

A littattafaina, a irin wannan wuri jaruma takan saki kofin gilashi ya tarwatse. Ni ba ni da kofi. Abin da na yi shi ne na sa yatsa a shafin da nake don kada wurin ya ɓace mini.

To, jama'a, daga wannan rana na koyi abubuwan da nake so in ajiye a gabanku, ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko: ƙararrawa ba shafin ƙarshe ba ce. Iyayen da suka yi zaman asibitin nan sun san ƙararrawar da ke rataye a bango, wadda yaro ke kaɗawa ranar da ya gama jinya. Marnie tana da shekara huɗu aka yi mata aiki, aka bi da makonni na hasken da ake ƙona ragowar ƙari da shi, a kai da ƙashin baya, aka bi da magunguna. Ranar da ta kaɗa ƙararrawar, masu jinya suka tafa, Heath ya juya wa mutane baya yana share ido, ni kuwa na ji a raina an rubuta "ƙarshe". Ni kuma ƙa'idata ce, ban taɓa tambayar abin da ya faru bayan shafin ƙarshe ba. Ban taɓa cewa wa zai wanke kwanukan biki ba. Likitoci sun yi mana bayani a ranar, na rantse sun yi. Sun ce hasken da ya ceci ranta yana iya barin tabo da ba zai bayyana ba sai bayan shekaru. Na gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, zuciyata tana can tana tsara launin balan-balan ɗin da za mu ɗaura a ƙofar gona. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

A wannan ranar ce na durƙusa a gabanta na yi mata alkawari. Ba a asibiti kaɗai ba, har a ɗakin da muka kama a Perth ana yi mata allura, ta kai in ta ji an buɗe firij sai ta shige ƙarƙashin gado. Na ce, "Marnie, in mun koma gona, allura ba za ta ƙara shiga gidanmu ba. Ta asibiti ta tsaya a asibiti." Ku riƙe wannan alkawari, zan dawo kansa. Ita dai ta riƙe shi gam. Da muka dawo ta buɗe firij ta ga rigakafin tumaki kusa da man shanu, sai da ubanta ya kwashe shi ya kai tsohon firij na rumfar aski, yana gunaguni, tana biye da shi kamar 'yar sanda.

Abu na biyu, kuma shi ne kan maganata: ku auna tsawo. Mu manoma nauyi muka sani. Muna auna rago, muna auna damin ulu, muna auna alkama. Wa ya taɓa auna tsawon tunkiya a zauren nan? Ya ɗaga hannu in gani. To, babu.

Saboda nisa, yawancin ganin likita ta kwamfuta muke yinsa. Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta, hoto ya fito fes, likita ya bayyana a allo ya yi mana albishir. Teburin kicin ya yi wa Marnie tsawo, sai in jera mata littattafaina a kan kujera ta zauna a kai don fuskarta ta kai. Shekara uku ina jera tsibi ɗaya, ban taɓa zare ko guda ba, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba. Ni murna ma nake yi da littattafan suna da amfani, in Heath ya ce sun cika gida in ce masa ga shi har likita suke taimaka wa.

Likitan ya ce mu riƙa kai ta wurin ma'aikaciyar jinya a auna ta duk wata shida mu aika masa. Heath ya ce, "Mu da muke da sikeli a rumfa? Wanda ba ya kuskure ko na giram?" Sai mu ɗora ta a sikelin ulu. Nauyi kuwa yana hawa. Kumatu suka fito, ciki ya yi ɗan tulu. Yarinyar da ta dawo daga Perth kamar sillen kara, kowa a coci yana ja mata kumatu yana cewa Allah ya yi. Kaka tana ƙara mata kirim a kan kek. Tsawo kuma, da yake likita ya nace, sai Heath ya jingina ta da ƙofar rumfa, a ƙasar da tumaki suka tattake, da takalman aikin da ta gada daga 'yan'uwanta maza. Kowace shekara takalmin ya fi na bara tudu. Akwai shekarar da har da hula. Lambobin da muka aika suna hawa lafiya lau. Takalma ne suke girma, jama'a, ba 'yata ba.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya yi wannan karin magana bai gamu da idon uwa ba. Idona yana kallon Marnie yana ganin doguwar budurwa a farar riga tana saukowa daga bene, ni ina kuka a ƙasa, alhali gidanmu ko bene babu.

Bayan ranar rigar muka tafi Perth, aka haɗa mu da likitar girman yara, Dakta Wijeratne. Abu na farko da ta ce shi ne, "Marnie, cire takalmi." Heath ya dube ni, na dubi silin. Ta auna ta a tsaye, ta auna ta a zaune, aka ɗauki hoton ƙashin hannunta, aka hana ta karin kumallo aka yi ta ɗibar jininta tun safe har azahar. Sannan ta zaunar da mu. Ta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake, ita ke sakin sinadarin da ke sa yaro girma. Hasken jinya yakan raunana ta, kuma sau da yawa wannan sinadarin ne ke fara yankewa. Yaro ba ya ciwo, ba ya kuka, yana ma iya yin ƙiba, tsawo ne kawai yake tsayawa. Ta ce ba tsawo kaɗai ba ne, har ƙarfin ƙashi da na jiki. Sai na tuna yadda Marnie take barci a motar makaranta kullum, ni kuma ina cewa ta gado ni, mai yawan mafarki ce.

Don haka ina roƙonku, duk mai yaron da aka yi wa jinyar haske a kai: ranar Talata ba ta da nisa. Babu takalmi, babu hula, bango miƙaƙƙe, hannun wanda ya iya, duk wata shida. In rigar bara tana shiga bana, kada ku yaba wa mai ɗinki, ku tambayi likita.

Abu na uku: ku yi hattara da maganar da ke kwantar da hankali. "Ai gajarta a jininmu take." "Ai za ta miƙe lokaci guda." "Ai komai zai daidaita." Wannan ta ƙarshen ita ce taken ƙasarmu, da ita muke gyara shinge da waya, da ita muke shuka ba hadari. Kaka Noelene, ina neman afuwa, kin ce in faɗa. Da muka dawo ta ce, "'Yar nan, ƙanwar mijina Dulcie ko tsawon kantar shago ba ta kai ba, ta haifi shida ta kuma binne maza biyu. Ku ƙyale yarinya ta huta, ta sha wuya." Ba don rashin ƙauna ta faɗa ba, ita ce fa ta fara ganin kalmasar. Washegari kuma na same ta da rigar a cinya tana shafa bakinta, ta ce, "Dulcie tana girma a hankali ne. Wannan tsayawa ta yi."

Abu na huɗu ba shawara ba ce, domin ni ma ban ƙware a kansa ba. Akwai magani. Ana mayar wa jiki sinadarin da ya rasa. Amma allura ce, kowace yamma, shekara da shekaru, a gida. Ajiyarta kuma a firij, kusa da man shanu.

A hanyar dawowa daga Perth Heath yana tuƙi yana kallon nesa har muka wuce rabin hanya. Wannan karon ba hadari yake dubawa ba. Can ya ce, "Teegs, in ka zuba taki a gona, ba alkama kaɗai ke ci ba. Ciyawa ma tana ci. In abin nan ya sa yarinya girma, me zai hana ya tashi wancan abin?" Ban taɓa jin ya kira ƙarin da sunansa ba, har yau.

Muka kira likitar muka tambaye ta haka, da kalmominsa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce an bi yara masu yawa shekaru masu yawa, ba a ga cewa maganin yana dawo da ƙarin ba, shi ya sa ma ba a fara shi sai an daɗe da gama jinya hotuna suna fitowa lafiya, kuma za a ci gaba da ɗaukar hoton. Ta ce ba za ta rantse mana a kan gobe ba, don babu likitan da zai iya. Ta ce tsawon da hasken ya ci a ƙashin baya ba zai dawo duka ba. Sannan ta ce ƙofar ba a buɗe take har abada ba: in yarinya ta balaga ƙasusuwa suka rufe, an gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta bar mana zaɓi.

Heath ya ce, "Ke kika kwana da ita a asibiti wata da watanni, ni ina kai-komo tsakaninku da tumaki. Abin da kika yanke, ina bayanki. Amma tsoro nake ji." A duk littattafan da na karanta, jarumi ne ke buga tebur ya yanke hukunci, jaruma ta suma a hannunsa. Na jira a buga tebur. Ba a buga ba. Suman dai na iya: duk zaman Perth, in aka fito da allura ni ake fara ba wa kujera.

Saura mai alkawari. Na same ta a bayan gida tana ba ɗan ragon da uwarsa ta ƙi madara a kwalba. Na yi ta kewaye kewaye, na fara da cewa rayuwa kamar kogi ce. Ta ce, "Mama, allura ce ko?"

Na ce, "Ita ce."

"A gida?"

"A gida."

"Kin yi alkawari."

Na ce, "Na yi."

Ta ci gaba da ba ragon madara kamar ba na wurin. Can ta ce, "A littattafanki, in mutum ya karya alkawari me ake yi masa?"

Na ce, "Ana fushi da shi babi uku, ya tsaya a cikin ruwan sama yana ba da haƙuri, sannan a yafe masa."

Ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare, ta ce, "To za ki daɗe." Sai kuma ta ce, "Pippa tana zuwa makaranta da rigar maza saboda ni. 'Yan ajin farko sun ɗauka ni 'yar ajinsu ce, wata har ta nuna mini inda bayi yake." Ta goge hanci da bayan hannu. "In za a yi, ba Baba ba. Shi yana kama mutum kamar tunkiya, ya soka ya ce na gaba. Ke za ki yi. Ke kika yi alkawarin."

Ban yafe ba, in ji ta, kuma ba ta ce a yi ba. Ta ce ni zan yanke hukuncin. Ta kuma ba ni izinin ba ku labarin nan bisa sharaɗin kada kowa ya ja mata kumatu a bakin ƙofa. Na isar da saƙo.

Tun ranar nake zuwa wurin ma'aikaciyar jinya kowace Talata ina koyo a jikin lemo. Lemo na farko ni na faɗi, shi yana nan lafiya. Yanzu babu lemon da ke cikin kwandon gidanmu da bai sha allura ba, Heath ya daina ci. Makonni ke nan ban buɗe littafi ba, wanda na sa wa yatsa a baranda yana nan a shafinsa. Alkawari kaya ne, na sani. Amma na auna kayan biyu, wannan karon ba a sikelin ulu ba: fushin yarinya 'yar shekara takwas, da tambayar da mace 'yar shekara ashirin za ta yi mini, ta ce Mama, kin sani, ƙofa tana buɗe, me ya sa kika tsaya? Na farkon zan iya ɗauka.

Ina ganin Beryl tana lalubar wayar lasifika, bari in yi addu'a. Allah ya ba yaranmu lafiya mai ɗorewa, ya raya su, ya miƙar da su. Allah ya sanyaya zukatan iyayen da kujerar ɗansu ta zama wofi. Allah ya saka wa likitoci da masu jinya, ya ƙara musu haƙuri da irinmu. Allah ya ba mu ruwan shuka a kan kari, ya tsare mu daga gobara, ya kai kowa gidansa lafiya.

Heath, ga ka can a bakin ƙofa da hula a hannu, ka ce abin da na yanke kana bayana, to ka ji tare da kowa. Na gaya wa Marnie yau da safe. Ran Litinin zan kira Dakta Wijeratne in ce mun yarda. Maganin zai zauna a firij ɗin kicin, kuma ni zan yi mata allurar da hannuna. Sharni, ki riƙe buhun nan, rigar tana zuwa.

Na gode.